Daga Manila Zuwa Nima: Fina-finan 'Ya'yan Talakawa Da Saƙonsu Ga 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kai kaya kasuwar Nima da ke birnin Akara ranar Laraba, ya san yadda wurin ke cika ya batse tun da sanyin safiya. Ga buhunan wake da gero da masara da shinkafa an jibge har bakin titi, ga masu doya da barkono da daddawa, ga motoci na ta ƙaho babu hanya. A tsakanin wannan turmutsitsi ne za ka ga yarinya ɗauke da ƙaton daro a ka, tana bin bayan mai sayayya, kayan da ke cikin daron kuwa wani lokaci sun kusa kai nauyinta. Wata ma da goyo a baya, ko dai ɗanta ko ƙaninta. Kayayo ke nan, jam'insu kayaye. Rabin sunan namu ne, domin daga kalmar "kaya" ta Hausa aka ɗauko shi aka haɗa da kalmar "mace" a harshen Ga, wato mutanen da ke da asalin garin Akara.

Ɗan kasuwa ya saba ganin irin wannan yarinya har idonsa ya daina tsayawa a kanta. Sai dai a 'yan shekarun nan wasu masu shirya fina-finai sun tsaya sun dube ta, ita da 'yan'uwanta masu tsintar ƙarafa a bola, sun mayar da rayuwarsu labari, labarin kuma ya zagaya duniya har ya ciyo kyaututtuka. Su wane ne ke yin waɗannan fina-finai, me suke nunawa, kuma ina mutanen zango a cikin lamarin?

Unguwar da fatake suka gina

Kafin a shiga batun fim, ya kamata a tuna wa mai karatu cewa zangunan Gana 'ya'yan fatauci ne. Tun zamanin da ayarin fataken Kano da Katsina da Sakkwato ke tafiya Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, duk inda suka yada zango nan unguwa ke tsirowa. A Akara, Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ita kuwa Nima, a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya sami filin daga hannun mutanen Osu, jama'a suka yi ta biyo shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta ƙara cika saboda masu neman aiki a sansanonin soja da ke kusa. Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa duk suka haɗu, Hausa ta zame musu harshen ciniki da na zaman tare. Mamobi na maƙwabtaka da ita, babbar kwata ce ta ratsa tsakaninsu.

Unguwannin biyu suna tsakiyar birni, tafiyar 'yan mintoci ce zuwa fadar shugaban ƙasa, amma cunkoso da ƙarancin makewayi da ambaliyar damina sun daɗe suna addabarsu. Mutanen wurin ba su manta da shekarar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar ƙasar, aka raba iyalai da dama. Duk da haka unguwar ta fitar da malamai da attajirai da mawaƙa da 'yan ƙwallo. Mohammed Kudus, wanda ya buga wa Ajax da West Ham kafin ya koma Tottenham a 2025, a lungunan Nima ya koyi taka leda.

Haka kuma mutanen zango ba baƙin kallo ba ne. Dattawa na tuna zamanin da sinimar Dunia ke tashe a Nima, ana layin kallon fina-finan Indiya. Daga baya kaset ɗin Kano ya shigo, sannan faifai, yanzu kuma kowa da sinimarsa a wayar hannu.

Tun kafin 'yancin kai ake ɗaukar su

Labarin yaron da ya shigo Akara da hannu biyu ba sabo ba ne a fim. A 1952 sashen fina-finai na gwamnatin mulkin mallaka ya fitar da The Boy Kumasenu, labarin wani yaro daga ƙauyen masunta da ya zo birni ya faɗa hannun ɓata-gari. Bayan shekara biyu, a 1954, Bafaranshen nan Jean Rouch ya fara ɗaukar Jaguar, inda ya bi wasu samari uku daga Nijar, Damoure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, a tafiyarsu ta cin-rani zuwa Akara da Kumasi, har suka kafa teburin koli a kasuwar Kumasi. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Wani abin sha'awa shi ne samarin ne da kansu suka zauna suna kallon hoton suna ba da labarin da bakinsu, suna raha suna gardama, aka naɗi muryarsu aka ɗora.

Sai dai a wancan zamani fim sai gwamnati ko Bature, saboda tsadar na'ura. Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan bidiyo. A 1987 William Akuffo ya ɗauki fim ɗinsa Zinabu da ƙaramar kyamarar kaset a Akara, ya nuna shi ya sami kuɗi, shekara uku kafin Turmin Danya ya fito a Kano, shekara biyar kafin Living in Bondage a kudancin Najeriya. Daga nan kowa ya gane cewa mutum mai ƙaramin jari ma zai iya.

Azali: yarinyar da ƙaddara ta kai Akara

Fim ɗin da ya fi taɓa rayuwar kayaye kai tsaye shi ne Azali, wanda Kwabena Gyansah ya ba da umarni, ya fito a 2018. Amina yarinya ce 'yar shekara 14 a wani ƙauye na arewacin Gana. Ana shirin aurar da ita ga wani tsoho, mahaifiyarta ta ga gara ta nisanta ta da gida, ba ta san ta miƙa ta hannun masu safarar yara ba. Bayan wahalhalu yarinyar ta tsinci kanta a Akara, ba dangin iya ba na baba, ta shiga dakon kaya a kasuwa, tana kwana inda dare ya yi mata, masu mugun nufi kuma suna kewaye da ita. Can gida kuma kawunta ya ɗaura ɗamarar nemanta, ya shigo birnin da bai sani ba yana tambaya lungu-lungu.

An yi fim ɗin da Dagbanci da Twi, kuma shi ne fim na farko a tarihi da Gana ta tura gasar Oscar ta Amurka a rukunin fina-finan ƙasashen waje, a 2019. Bai kai ga shiga jerin ƙarshe ba, amma ya kai labarin kayaye inda bai taɓa zuwa ba.

Kafin shi, a 2016, wata 'yar ƙasar Norwe mai suna Mari Bakke Riise ta yi gajeren fim na gaskiya mai suna Kayayo, inda ta bi wata yarinya 'yar shekara takwas da ke dako a Akara, wadda rabonta da iyayenta shekara biyu, tana tara 'yan kuɗin da za ta koma da su gida. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, yarinyar da nauyin kayan duk na gaske ne.

Wa da ƙani a bakin bola

'Yan kasuwar albasa da ke sauke kaya daga Galmi da sauran sassan Nijar sun san Agbogbloshie farin sani, domin nan ce babbar kasuwar albasa ta Akara har zuwa watan Yulin 2021, lokacin da hukumomi suka tashe ta zuwa Adjen Kotoku, suka kuma rushe filin gwangwan da ke gefenta. A wannan fili ne samari, akasarinsu 'yan arewacin Gana, suka shafe shekaru suna fasa tsofaffin talabijin da firji da kwamfuta, suna ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, cikin baƙin hayaƙi mai cutar da ƙirji.

A nan aka gina fim ɗin Borga na York-Fabian Raabe, haɗin gwiwar Jamus da Gana, wanda ya fito a 2021. Kojo da wansa sun tashi suna taya mahaifinsu tsintar ƙarafa. Uban ya fi ji da babban, ƙaramin kuma ya ƙudura a ransa sai ya nuna shi ma ɗa ne. A Gana "borga" na nufin wanda ya je Turai ya dawo da kuɗi, an ce daga sunan birnin Hamburg kalmar ta samo asali. Kojo ya sha baƙar wuya ya isa Jamus, ya tarar babu aiki babu wurin kwana, amma kunya ta hana shi gaya wa gida gaskiya. Sai ya shiga hanyar da ba ta dace ba don ya dawo a matsayin mai arziki, ƙaryar kuma ta ƙara ɓata tsakaninsa da ɗan'uwansa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Max Ophüls na Jamus a shekarar da ya fito. Duk wanda ya san samarin da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya, ya san Kojo ko da bai ga fim ɗin ba.

Akwai kuma The Burial of Kojo na Blitz Bazawule, haifaffen Akara, wanda ya fito a 2018. Shi ma rikicin wa da ƙani ne, amma ta bakin wata ƙaramar yarinya, Esi, wadda mahaifinta ya faɗa tsohon ramin haƙar zinariya ta tashi nemansa. Da ɗan ƙaramin jari aka yi shi, har da gudummawar jama'a ta intanet, ya kuma hau Netflix a 2019. Bayan shekara huɗu Bazawule ne ya ba da umarnin babban fim ɗin Amurka The Color Purple.

Na kusa da masu karatunmu na bakin iyaka shi ne Nakom, na 2016, wanda aka ɗauka a wani ƙauyen Kusasi da ke ɓangaren Bawku, kusa da iyakar Togo da Burkina Faso. Iddrisu ɗalibin likitanci ne, mahaifinsa ya rasu ba zato ya bar bashi, ya dawo gida ya tarar ƙannensa na kallonsa. Ya zauna ya riƙe gida ko ya koma karatu? Yawancin 'yan wasan mutanen ƙauyen ne da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma an nuna fim ɗin a bikin Berlin.

Me ya kawo Filifin cikin zancen?

Idan ana maganar irin waɗannan fina-finai, da wuya a tsallake ƙasar Filifin, domin su ne suka daɗe a kan hanyar. Unguwar Tondo ta birnin Manila ta yi kama da zangunanmu ta fuskar cunkoso da zumunci da fafutukar neman na tuwo. A can Lino Brocka ya ɗauki Insiang a 1976, wanda ya zama fim ɗin Filifin na farko da aka nuna a bikin Cannes na Faransa.

A 2003 Maryo J. de los Reyes ya fitar da Magnifico, labarin yaro ƙarami da ke goya ƙanwarsa mai lalurar da ta hana ta tafiya, yana kuma ƙoƙarin harhaɗa wa kakarsa marar lafiya akwatin gawa don ya rage wa iyayensa nauyi. Ya ci kyautar fina-finan yara a Berlin a 2004. A 2014 Roderick Cabrido ya yi Children's Show, inda wa da ƙani masu tuƙa keken haya ke shiga damben caca da manya ke shiryawa a ɓoye, don su ciyar da kansu da kakarsu. Sai Ma' Rosa na Brillante Mendoza a 2016: mai ƙaramin shago a unguwa tana haɗawa da sayar da ƙwaya, aka kama ta da mijinta, 'yan sandan suka nemi kuɗi kafin su sake su. 'Ya'yan suka bazu cikin gari, wannan ya ɗauki talabijin ɗin gida ya kai kasuwa, wannan ta bi dangi tana roƙo. Marigayiya Jaclyn Jose da ta fito a uwar ita ce ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a Cannes a shekarar.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne yadda aka yi harkar ta tsayu. A 2005 aka kafa bikin Cinemalaya a Manila, da tallafin wani attajiri, Antonio Cojuangco. A farkon shekarunsa akan zaɓi sababbin masu shirya fim goma a ba kowannensu jarin somin-taɓi na peso 500,000, su je su ƙaro nasu su yi fim, a nuna a bikin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba a harkar fim, amma da yake kyamarar zamani ta yi araha, sun isa a fara. Daga wannan ƙofa aka sami ɗimbin matasan da yau ake ji da su.

Cinikin hawaye ko faɗar gaskiya?

Sai dai fa ba kowa ke yabo ba. A Filifin ɗin kanta an daɗe ana sukar wasu daga cikin masu fim da cewa talaucin jama'a suka mayar haja, suna kai wa Turawa hoton bola da kwata don a tafa musu a ba su kyauta, mutanen unguwar kuwa ko fim ɗin ba sa gani. Irin wannan ƙorafi ya taso a Akara ma, musamman kan yadda baƙi suka yi ta tururuwa Agbogbloshie da kyamara. Wasu 'yan Ostiriya sun yi fim a wurin a 2018 suka sa masa suna Welcome to Sodom. Masu bincike da dama sun ce an zuzuta girman bolar fiye da kima, an kuma rufe ido ga gyare-gyare da sana'o'in da dubban mutane ke ci da su a wurin. Da aka zo rusau a 2021, masu kyamara sun riga sun koma gida, masu sana'ar ne suka kwana a ciki.

Mutumin Nima ya san wannan ciwo. Sunan unguwarsa ya daɗe yana fitowa a jarida tare da labarin rikici ko ƙazanta, alhali shi abin da ya sani shi ne makarantun allo da na Islamiyya, da ɗakin karatun yara na Nima da Mamobi, da adashin mata, da hawan sallah, da maƙwabcin da ba ya bari ɗan maƙwabci ya kwana da yunwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda bai yoyo.

A ɗaya ɓangaren, ba za a ce fim bai taɓa sauya rayuwar kowa ba. Abraham Attah, yaro ne daga Ashaiman, ana cikin buga ƙwallo masu neman 'yan wasa suka gan shi, suka sa shi a Beasts of No Nation tare da Idris Elba. A 2015, yana ɗan shekara 14, ya karɓi kyautar sabon ɗan wasa a bikin Venice. Amma yaro ɗaya ne cikin dubbai.

Wani abin dubawa kuma, duk cikin fina-finan Gana da muka lissafa babu wanda aka gina shi da Hausa, harshen da ake ciniki da shi a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Alhali akwai misali a gida. A 2011 wasu almajirai tara a Kano, da taimakon cibiyar Goethe da wata mai bincike, Hannah Hoechner, sun rubuta labari da kansu, suka riƙe kyamara, suka fito a ciki, suka yi Duniya Juyi Juyi. Sun nuna yadda ake wulaƙanta su a gidajen da suke aiki, sun kuma nuna karatunsu da burinsu. Babu wanda ya isa ya ce musu ba haka abin yake ba.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa da yawa. Na farko, yarinyar da ke cikin Azali kayan ɗan kasuwa take ɗauka. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar yaro aiki, ta kuma lissafa dakon kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari da ba a yarda wanda bai kai 18 ya yi ba. A 2017 gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa daga kayaye, a shekarar ce kuma aka fara karatun sakandare kyauta, aka yi dokar asusun raya zanguna. Amma doka ba ta bin mutum cikin rumfa. Mai kaya ne ke ganin yarinyar, shi ke yanke mata lada, shi ke da ikon ya raba kayan gida biyu ko ya kira babba.

Na biyu, yaran nan a mota suke tafiya, ta kan iyakokin da muke bi kullum: Paga da Aflao da Sinkanse, Gaya da Malanbil, Illela da Ƙonni, Jibiya da Maigatari. Gana ta yi dokar hana safarar mutane tun 2005, amma jami'i a shinge minti nawa yake yi da mota? Direba da ɗan kamasho da fasinja su ne ke kwana da yaran a hanya. Idan ka ga mutum ɗaya da yara biyar ko shida, ba su san sunansa ba, ba su san inda za su ba, tambaya ba laifi ba ce. Ɗa na kowa ne.

Na uku, harkar fim ɗin Hausa da kuɗin 'yan kasuwa ta tashi. Dilolin kaset na Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne suka riƙa zuba jari suna rarraba kaya har Yamai da Kumasi da Akara. Kasuwar faifai ta mutu, amma masu kallo na nan, sun koma waya da YouTube. Abin da attajiri ɗaya ya yi a Manila bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan albasa ko ta masu shanu ko ta 'yan goro ba: a ware wani abu duk shekara, a ba matasan zango biyu ko uku masu labari mai ma'ana, su ɗauka da Hausar unguwarsu, a nuna a filin makaranta kafin a kai ko'ina. In an yi haka, yaron da ke gaban kyamara da wanda ke bayanta duk 'yan gida ne, kuma in an sami riba a san inda ta shiga.

Ranar Laraba mai zuwa kasuwar Nima za ta sake cika, yarinya mai daro za ta tsaya a bakin rumfa tana jiran a kira ta. Kafin a ɗora mata buhu, babu laifi a tambaye ta sunanta, da garinsu, da wanda take kwana a wurinsa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwa.